Intalok, Kankare ko Ciyawa? Lissafin Gyaran Farfajiyar Gida da Yadda Ake Ba da Aikin

Yawancin masu gini ba sa tunawa da farfajiya sai kuɗi sun kusa ƙarewa. An yi rufi, an yi fenti, an kafa get, sai maigida ya ce a zo a sa intalok, wato duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa, yana ɗaukan abin ƙaramin aiki ne. Fili mai ƙafa 50 da 100 yana kai wajen sukwaya mita 460. Idan gini ya ci rabi, abin da ya rage ya haura sukwaya mita 200, kuma shimfiɗa wannan wuri da kyau na iya cin simintin da ya kusa na ɗakuna biyu.

Ba za mu ba da farashi a naira ba, domin ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti ya tashi daga wajen naira dubu biyar zuwa sama da dubu goma a garuruwa da dama cikin 'yan makonni, kwangiloli da yawa suka tsaya cak. Abin da ba ya canzawa shi ne adadin kaya. Za mu yi lissafi a kan sukwaya mita 100, kai kuma ka auna filinka, ka tambayi farashin yau, ka ninka.

Aikin da ke ƙasa

Ko me za ka shimfiɗa, akwai kuɗin da babu makawa sai an kashe, kuma nan ne aka fi cutar masu gida saboda ido ba ya ganin wurin bayan an gama.

Na farko gangara. Dole farfajiya ta karkata daga jikin gini zuwa rariya, santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita. Idan daga bayan gida zuwa get mita 20 ne, ke nan bayan gidan zai fi bakin get tudu da aƙalla ƙafa ɗaya. Ana fitar da wannan da tiyon awo da igiya da turaku tun kafin tifa ta sauke ƙasa. Ma'aikacin da ya ce da ido zai duba, a sallame shi. Sannan saman farfajiyar ya kasance ƙasa da daɓen ɗakuna da inci shida ko fiye, kuma ya fi lambatun waje tudu. Gidajen da aka ɗaga titin unguwarsu bayan an gina su suna cikin matsi a nan: idan aka yi ciko don a wuce lambatu, farfajiya ta zo daidai da bakin ƙofar falo. Irin wannan gida yana bukatar ƙaramar kwata a jikin gini da rami mai tsotse ruwa a cikin gida, kuma wannan kuɗi ne daban da ya kamata ya fito tun a lissafin farko.

Mutane suna raina yawan ruwan. Ruwan sama mai milimita 50, irin wanda ake yi a Agusta cikin sa'a biyu, yana sauke lita 23,000 a fili mai sukwaya mita 460. Idan an rufe ko'ina da siminti, duk wannan ruwa ta rariya ɗaya zai fita. Bututu mai inci huɗu zai iya kasa ɗauka. A sa mai inci shida, ko a yi buɗaɗɗiyar kwata mai murfin ƙarfe da za a iya yashewa.

Na biyu ciko. A kankare ƙasar sama mai ciyawa da shara da ɓaraguzan gini, a zuba jar ƙasa ko burji mai kauri inci shida bayan an danne. Sukwaya mita 100 na cin kubik mita 15 a danne, wato sai an sayi kusan 20 a sake. A zuba hawa biyu, a yayyafa ruwa, a bi kowane hawa da injin danna ƙasa. Hayar injin na yini ɗaya ko biyu ba ta kai kuɗin 'yan buhunan siminti ba, amma ita ake fara cirewa idan ana son a rage farashi. Sakamakon yana fitowa a damina ta farko: inda tayar mota ke tsayawa ya lotsa, ruwa ya kwanta. Game da tifa kuwa, girmansu ya bambanta ƙwarai, don haka “tifa uku” ba awo ba ne. A sa tef a auna tsawo da faɗi da zurfin bodin motar, a ninka, a san kubik mita nawa ake biya.

Na uku, duk bututun ruwa, na sokawe, da wayar fitilun waje a binne su kafin a shimfiɗa komai. A ƙara da bututu ɗaya ko biyu babu komai a ciki, a ratsa da su ƙarƙashin hanyar mota, saboda gobe. Murfin sokawe a bar shi a fili inda tiyon motar kwashe masai zai kai.

Kankare da intalok

Kankaren da zai ɗauki mota yana bukatar kauri inci huɗu da haɗin 1:2:4. A wurin aiki wannan yana nufin buhu ɗaya na siminti (wanda shi ne kwanon sarki biyu), kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Sukwaya mita 100 kubik mita 10 ke nan: buhu 63 zuwa 65, yashi kubik mita huɗu da rabi, tsakuwa tara. A yanka gaɓa duk bayan mita uku zuwa huɗu, domin kankare yana motsi da zafi da sanyi, idan ba a ba shi wurin tsagewa ba zai zaɓa da kansa. A yi masa ban-ruwa safe da yamma kwana bakwai. A lokacin hunturu iska na shanye ruwansa tun bai kama ba, shi ya sa ake rufe shi da buhuna jiƙaƙƙu ko leda.

Yanzu a duba yadda farashi biyu ke bambanta alhali sunan aikin ɗaya. Wanda ya rage kauri daga santimita 10 zuwa 7 ya cire buhu 19. Wanda ya bar kaurin amma ya mayar da haɗin 1:3:6, shi ma ya cire kusan 19. Wanda ya haɗa biyun zai gama aikin da buhu 31, rabin abin da ya kamata. Ranar da za a miƙa aiki dukkansu sumul suke. Saboda haka idan wani ya kawo maka farashin da ya yi ƙasa da na sauran nesa, tambayar ita ce inci nawa, kuma buhu nawa.

Akwai kuma siririn daɓen siminti na inci ɗaya ko biyu da ake shafawa kai tsaye a kan ƙasa. Shi ya fi araha, kuma ya wadatar a ɗan lungun wanke-wanke ko bakin madafa. A inda mota ke bi kuwa asarar kuɗi ce, zai ɓare ɓawo-ɓawo.

Intalok ba ya bukatar kankare a ƙasansa. A kan cikon da aka danne ake baza yashi mai kauri santimita uku zuwa biyar, wato kubik mita huɗu, a jera duwatsun, a share busasshen yashi cikin gaɓoɓinsu, a sake bi da inji. Mai kauri santimita shida ya ishi motocin gida. Idan tankar ruwa ko motar kaya za ta riƙa shigowa, sai mai santimita takwas. Mai siffar bulo, santimita 20 da 10, guda 50 ke cika sukwaya mita, kuma a ƙara kashi biyar cikin ɗari saboda yanka da fashewa. Abin da ke riƙe shi duka shi ne kab, dutsen gefe da ake dasawa cikin kankare. Duk gefen da bai jingina da gini ko katanga ba, idan babu kab, duwatsun za su riƙa buɗewa daga baki har tsakiya.

Ingancin dutsen kansa shi ne babbar magana. Buhu ɗaya bai kamata ya fitar da fiye da sukwaya mita biyu da rabi zuwa uku na mai santimita shida ba, wato buhu 33 zuwa 40 a sukwaya mita 100. Masu bugawa da yawa suna jan buhu ya wuce haka nesa. Na inji, wanda ake matsewa da girgiza, ya fi ƙarfi da ɗaukar nauyi, fuskarsa kuma ba ta santsi. Na roba, wanda ake zubawa a mazubi, ya fi sheƙi da kala, amma idan an cika masa ruwa fuskarsa tana zaizayewa cikin shekara biyu ko uku har tsakuwa ta bayyana. Gwajinsa ba wuya: a buga biyu da juna, mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, a karce gefensa da ƙusa, idan gari ya zubo a bar shi, a fasa guda ɗaya a ga cikinsa. Kuma kada a karɓi wanda bai yi mako biyu da bugawa ba, domin siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa.

Ana yawan shimfiɗa leda a ƙarƙashin yashin don hana ciyawa. Ba mu goyon bayan haka a inda mota ke bi. Ciyawar intalok daga ƙwayar da iska ke zubawa cikin gaɓoɓi take tsirowa, leda ba ta hana ta, sai dai ta tare ruwa ya jiƙa yashin duwatsu su riƙa rawa.

Wanne ya fi? A kuɗin farko tazararsu ba ta da yawa idan duka an yi su daidai: kankare ya fi cin siminti da tsakuwa, intalok ya fi cin kuɗin aiki da dako da ribar mai bugawa. Bambancin yana fitowa daga baya. Idan bututu ya fashe a ƙarƙashin intalok, a ɗaga sukwaya mita biyu, a gyara, a mayar da duwatsun nan dai. Na kankare sai an fasa, facin kuma ba ya ɓoyuwa. A wuraren baƙar ƙasa mai laka da ke kumbura da damina ta tsage da rani, kamar sassan Borno da Gombe da Adamawa, intalok ya fi dacewa saboda yana bin motsin ƙasa. Kankare kuwa ya fi daɗin shara da wanki da shanya, ba ya tara ciyawa da tururuwa, shi ya sa ya fi dacewa da ɓangaren mata, inda ake girki da wanke-wanke kullum. Ruwan wanki da ke bi ta kan intalok kullum yana kwashe yashin gaɓoɓi, ya bar gansakuka.

Kankare mai zane da kala yana da kyan gani, amma ya fi waɗannan tsada, yana santsi idan ya jiƙe, kuma sai an sake shafa masa mai duk bayan shekara biyu ko uku. Tayil a waje sai an yi masa kankare a ƙasa, kuɗi biyu ke nan, kuma yana fashewa a ƙarƙashin taya.

Abin da siminti ba ya bayarwa

Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Farfajiyar da aka rufe kaf da siminti tana shan wannan rana tun safe, ta riƙa sakin zafin har tsakar dare, daidai lokacin da aka ɗauke wuta mutanen gida suka fito da tabarma. Wannan tsada ce da ba ta fitowa a takardar ɗan kwangila. Tsakar gidan da aka bar mata rairayi da inuwar bishiya tana hucewa tun magariba. Don haka shawararmu a shimfiɗa inda ake bukata kawai: hanyar mota mai faɗin mita uku, wurin ajiye ta, hanyar ƙafa, da zagayen gini mai faɗin mita ɗaya don kare tushe. A gida mai ƙafa 50 da 100 wannan yakan rage shimfiɗar zuwa wajen rabi, kuɗin ma haka.

Sauran wurin fa? Tsakuwa ita ce mafi araha: kauri inci biyu, kubik mita biyar a sukwaya mita 100, ruwa yana nutsewa, babu gyara. Aibinta ba a iya share ganye a kanta da tsintsiya yadda ake so, ba a shimfiɗa tabarma, yara kuma suna watsa ta. Ta dace da gefen katanga da bayan gida.

Ciyawa ita ce ke yaudarar mutane, domin dasa ta ba shi da tsada. Ana bukatar ƙasar noma mai kauri inci huɗu zuwa shida da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana kawo gara da ƙwayar ciyayi. Kiri-kiri ya fi jure rana da taku da ƙishirwa, ita kuwa mai faɗin ganyen nan da ake kira kafet tana son inuwa da danshi, shi ya sa take kyau a Abuja da Jos ta ƙone a Katsina. Ainihin kuɗin ciyawa ruwa ne. Da bazara kowace sukwaya mita tana shan wajen lita shida a rana. Sukwaya mita 100 lita 600 ke nan, jarka 24 mai lita 25, kowace rana, kuma rani a arewa mai nisa wata bakwai ne zuwa takwas. Wanda ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya lissafa wannan a shekara zai ga kuɗin ba kaɗan ba ne. Idan babu rijiyar burtsatse mai sola, a tsaya a sukwaya mita 15 zuwa 20 a gaban falo, jarka huɗu ko biyar a rana. Ciyawar roba ba ta shan ruwa, amma da rana tana zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, kuma tana koɗewa.

Bishiya ce ta fi komai biyan kuɗinta. Rami mai faɗi da zurfin ƙafa biyu, a cika shi da ƙasar sama da taki, a dasa a Yuni ko Yuli, a ba ta jarka ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku a raninta na farko, a kewaye ta saboda awaki. Abin lura shi ne tazara. Darbejiya da mangwaro su yi nesa da gini da katanga da sokawe da aƙalla mita biyar. Cediya da durumi ba na ƙaramin gida ba ne, saiwarsu tana ɗaga daɓe tana shiga bututu. A ƙaramin fili gwaiba, lemun tsami, rumman da zogale sun isa, lalle kuma yana yin shinge mai kyau da ba ya son ruwa da yawa. Duk bishiyar da ke tsakiyar shimfiɗa a bar mata buɗaɗɗiyar ƙasa mita ɗaya da rabi kowane gefe. Idan aka matse ta da siminti har wuya, ko ta mutu ko ta fasa shi.

Wa za a ba aikin, kuma ta yaya

Hanya uku ce. Ta farko kwangilar gaba ɗaya: ɗan kwangila ya kawo kaya da ma'aikata, ka biya dunƙule. Ta fi tsada saboda ribarsa tana ciki, kuma hakan ba laifi ba ne, domin shi ke ɗaukar asarar fashewa da sata da jigila. Ta dace da wanda ba ya gari, ko aikin da ke da wuyar gangara da kwata, inda ake bukatar mutum ɗaya da za a kama idan ruwa ya shiga ɗaki. Haɗarinta shi ne duk buhun da bai zuba ba ribarsa ce. Ba a ba da irin wannan kwangila sai da rubutaccen bayani: sukwaya mita nawa, kaurin ciko, ko za a danne da inji, kauri da irin intalok, tsawon kab a mita, haɗin kankare, da inda ruwa zai fita. Takardar da ta ce “gyaran farfajiya” da jimillar kuɗi kawai ba ta kare kowa.

Ta biyu jinga: kai ka sayi kaya, ka yi ciniki da ma'aikaci a kan kuɗin aiki. Ga mafi yawan masu gida wannan ta fi, matuƙar akwai wanda zai tsaya a wurin. Ma'aikaci ba shi da riba a rage siminti, kai ka zaɓi dutsen da kanka. Inda take ciwo shi ne gaggawa, domin mai jinga so yake ya gama ya wuce wani aikin, sai ya tsallake danna ƙasa da ban-ruwa. Ga kuma kayan da ke salwanta idan babu mai ƙirga buhuna safe da yamma. A yi cinikin a kan kowace sukwaya mita, a auna tare bayan an gama. A kuma fayyace tun farko wa zai biya leburorin baza ciko, hayar inji, ruwan aiki, da kwashe ɓaraguzai, domin waɗannan huɗun ne ke kawo rigima a tsakiyar aiki.

Ta uku biyan yini. Ta yi daidai da ƙananan ayyuka kamar haƙa ramukan bishiya, baza tsakuwa ko gyaran wurin da ya lotsa. A babban aiki kuwa babu mai gaggawar gamawa, aikin mako ɗaya sai ya ci uku.

Dashe a raba shi da shimfiɗa. Mai sa intalok ba lallai ya san shuka ba, kuma lokutansu ma ba ɗaya ba ne: shimfiɗa daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin da ƙasa ta bushe, dashe a farkon damina. Masu sayar da furanni a bakin manyan tituna sukan karɓi aikin dashe. A yi sharaɗi da su cewa duk abin da ya mutu cikin wata uku za su sauya, a riƙe wani abu daga kuɗinsu har lokacin.

Kafin ka zaɓi mutum, ka nemi farashi daga uku a kan awo ɗaya da bayani ɗaya da kai ka rubuta, in ba haka ba kana kwatanta abubuwa daban-daban ne. Hotunan waya ba shaida ba ne, sabon aiki kowane iri yana da kyau a hoto. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce. Ka duba bakin get inda mota ke juyawa, ka duba gefen kab, ka duba jikin bango ko akwai alamar danshi, ka tambayi maigidan inda ruwa ke kwanciya. Idan wani ne ya haɗa ku, ka sani la'adarsa a cikin kuɗinka take, gara a faɗe ta a fili.

Biya kuma a bi aiki. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan matakin farko. Kashi na biyu bayan an gama ciko da kab, ka zo da kanka ka ga an danne, ka sa a haƙa wuri biyu ka auna kauri, domin bayan yau ba za ka sake ganin wurin ba. Kashi na uku bayan shimfiɗa. Sannan a riƙe kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, kamar yadda ake yi a manyan kwangiloli, har sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku. A rubuta wannan gaban shaidu biyu, tare da abin da za a yi idan farashin siminti ya tashi a tsakiyar aiki. Mafi sauƙi shi ne a sayi simintin matakin gaba ɗaya a ajiye a kan katako a ɗaki busasshe, amma kada ya wuce wata biyu zuwa uku, domin yana daskarewa.

Idan aikin zai fita wajen katanga, kamar shimfiɗa gaban get ko ɗora kwalbati a kan lambatu, wannan wuri ba naka ba ne. A tuntuɓi hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, kuma kada a toshe wa maƙwabta hanyar ruwa.

Idan an gama aikin da rani, ba sai ka jira damina kafin ka san gaskiyar gangara ba. Ranar miƙa aiki a buɗe tiyo a wuri mafi nisa daga rariya, a bar shi minti goma sha biyar, a bi ruwan da ido. Duk inda ya taru ya fi faɗin faranti, ko ya nufi jikin gini, a zagaye wurin da alli, a ɗaga a gyara kafin a biya kashi na uku.